DAGA BARGA ZUWA SAMARU: TARIHIN ILIMIN DOKI DA DABBOBIN GIDA A ƘASAR ZAZZAU

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Haka ne, amma dokin nan na mai baki ba ya cin harawa, ba ya ciwon ciki, ba ya kuma mutuwa a turke. Dokin gaske kuwa, wanda ake ɗaura wa sirdi ran Salla, rai gare shi, kuma riƙonsa ilimi ne mai zaman kansa.

Mu da ke zaune a wannan yanki na Zabi da Samaru da Sabon Gari, Allah ya ajiye mu kusa da makarantu biyu na wannan ilimi. Ta farko tana cikin birnin Zazzau, a fada da gidajen hakimai da na attajirai. Ba ta da allo, ba ta da aji, sunanta barga. Ta biyu tana Samaru, a cikin Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake yaye likitocin dabbobi. Tafiyar mota tsakaninsu ba ta kai awa guda ba, amma a tarihi kowace da hanyar da ta biyo. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda kowaccensu ta samu, da dalilin da ya sa doki, wanda shi ne sarkin dabbobi a ƙasar Hausa, ya shiga jami'a a bayan saniya, da kuma yadda kare da kyanwa suka bi sawunsa.

Doki Kafin Zuwan Turawa

Ba za a fahimci sarauta a ƙasar Hausa ba sai an fahimci doki. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi da sulke kaya ne masu nauyi, ƙuru ba ya iya ɗaukar su tare da mahayi, sai ingarma. Saboda haka daga wannan zamani neman manyan dawaki ya zama babban al'amari ga kowane sarki. Ana kawo su daga Borno da Asbin da ƙasashen Larabawa ta hanyar Sahara, kuma da tsada ƙwarai. Hasan al-Wazzan, matafiyin nan da Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Borno kan ba da bayi goma sha biyar ko ashirin a kan doki guda.

Ƙasar Zazzau tana da wata matsala tata ta daban. Ita ce ta kudu a cikin Hausa Bakwai, kuma da zarar an nausa kudu da birni aka shiga ƙurmi da bakin rafuka, sai a tarar da ƙudan tsando, mai sa wa dabbobi sammore. Dokin da aka kai can yaƙi ko rangadi, sau da yawa ba ya daɗewa bayan ya dawo. Wannan ya sa kullum Zazzau cikin sayen dawaki daga arewa take, kuma ya sa mutumin da ya iya riƙon doki har ya yi shekaru yana aiki ya zama mai daraja a fada.

Sarautunmu ma shaida ne. Madawaki, wanda aka taƙaita ya koma Madaki, shi ne shugaban mayaƙan dawaki. Shamaki shi ke kula da bargar sarki. Ga Ubandawaki, ga Sarkin Dawaki, ga Barde, ga Lifidi, ga zagage masu tafiya gaban doki. Ko a zamanin jihadi, duk da cewa a yaƙin Tafkin Kwatto na 1804 jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yan baka suka rinjayi dawakin Gobir, su kuwa nasu dawakin ba su wuce ashirin ba, da daula ta kafu sai ta koma ga doki. Kowane mai tuta da kowane hakimi an san ƙarfinsa ne da yawan dawakin da zai iya fitarwa in an buga tambari.

Makarantar Barga

To, wa ke riƙe da waɗannan dawaki? Yaran barga ne, waɗanda tarihi bai ajiye sunayensu ba. Yaro kan fara da yankan ciyawa da kwashe kashi. In ya yi hankali a bar shi ya kai doki rafi ya wanke shi, daga nan ya koyi ɗaura sirdi da jan majayi da sa linzami, sannan a bar shi ya fita kilisa. Kafin ya zama wanda za a kira in doki ya kwanta, sai ya yi shekaru yana kallon hannun manya.

Ilimin da ke cikin wannan makaranta ba ƙarami ba ne. Dubi sunayen launi kawai: akawal ga baƙi, kili ga fari, sannan ga danda da bidi da hurde da gunya da bikili da sari. Mutumin barga yakan buɗe bakin doki ya dubi haƙora ya faɗi shekarunsa, abin da har yau ake koya wa ɗalibai a jami'a. Yakan dubi tafiyarsa daga nesa ya ce ga ƙafar da ke ciwo. Ya san lokacin ba da kanwa, ya san gwargwadon gero da dusa da harawa, ya san ba a ɗura wa doki hatsi da yawa a lokaci guda. Da damina yakan hura wuta a barga da magariba domin hayaƙi ya kori ƙwari. In ciwo ya zo, akwai ɗuri da saiwoyi da ɓawon itatuwa irin su maɗaci, akwai sakiya, akwai lalas.

Amma makarantar tana da iyakarta. Abu na farko, ba ta ganin abin da ido ba ya gani. Ta san alamun ciwo, ta san lokacin da yake zuwa, amma ƙwayar cutar da ke cikin jini sai da madubin likita. Abu na biyu, wasu daga cikin hanyoyinta suna ƙara wa dabba wahala. Lalas a inda bai kamata ba yakan bar gyambo, linzami mai kaifi yakan yanka harshe da dasashi, sirdin da bai zauna daidai ba yakan ci gadon baya. Abu na uku, wanda ya fi duka, ilimin a ka yake, kuma mai shi ba ya faɗa wa kowa sai ɗansa ko yaron da ya yarda da shi.

A ƙasashen Larabawa an rubuta irin wannan ilimi tun da daɗewa, suna kiran sa baiɗara. Ibn Akhi Hizam ya wallafa littafi a kan hawa da maganin dawaki a ƙarni na 9. A ƙarni na 14 kuma Abubakar ibn Badr, likitan dawakin Sarkin Masar Nasir Muhammad ibn Ƙalawun, ya rubuta nasa mai suna Kamilus Sina'ataini. A nan ƙasarmu malamai sun duƙufa ga fiƙihu da nahawu da tarihi, har da maganin mutane, amma sanin doki ya fi zama a bakin turke, daga baki zuwa kunne.

Can Doki Ya Haifi Makaranta, Nan Saniya

Makarantar koyon aikin likitan dabbobi ta farko a Turai an kafa ta ne a birnin Liyon na Faransa a 1761. Wanda ya kafa ta, Claude Bourgelat, malamin hawa ne, shugaban makarantar koyon sarrafa doki. Ta Landan ta biyo baya a 1791, ita ma kusan duk karatunta a kan doki yake, domin sojoji da kekunan sufuri duk da shi suka dogara. Ke nan a Turai jikin doki shi ne littafin farko na ɗalibi, sauran dabbobi a kansa ake kwatanta su.

A ƙasarmu abin ya zo a juye, kuma dalilai biyu suka haddasa haka.

Dalili na farko shi ne faɗuwar doki a fagen fama. Turawa sun shigo Zariya a 1902, zamanin Sarki Kwasau. A watan Fabrairu na 1903 mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai hari a Kwatarkwashi, harsashi ya hana su isa ga abokan gaba. A watan Maris na wannan shekara bindiga mai ruwa ta yi irin wannan aiki a Sakkwato. Daga nan aka gane cewa zamanin lifidi da sulke ya wuce. Bayan shekara takwas, a 1911, jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano, kuma a gefen tasharsa ne Sabon Garinmu ya tsiro. Hakimai da Turawan mulki sun ci gaba da rangadi a kan doki na wasu shekaru, amma da mota ta samu hanya sai wannan ma ya ragu.

Dalili na biyu shi ne annobar shanu. Daga wajen 1887 ciwon bushiya ya shigo Afirka ta gabas, ya ratso har ƙasashenmu a farkon shekarun 1890, ya share garkuna. Fulani sun sa wa wannan annoba suna Sannu, domin ba abin da mutum zai iya yi wa ɗan'uwansa sai jaje. Ciwon ya sake dawowa wajen 1913. Ga Turawan mulki wannan asara ce ta kuɗi kai tsaye, domin jangali na cikin manyan hanyoyin shigar kuɗi na baitulmalin En'e, kuma fatu da ƙiraga na cikin kayan da jirgi ke kwasa zuwa bakin teku. Saboda haka da suka kafa sashen kula da lafiyar dabbobi, saniya suka sa a gaba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hedikwatar wannan sashe a nan Zariya ta fara zama, kafin a mayar da ita Vom, kusa da Jos, a 1924, inda aka shiga haɗa maganin rigakafin bushiya. A Vom ɗin ne kuma aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan dabbobi a 1941. Wanda ke son zama cikakken likita kuwa sai ya ƙetare teku, kamar yadda Dakta Bukar Shaib, ɗan Borno, ya yi karatu a Libaful ta Ingila a shekarun 1950, yana cikin 'yan Arewa na farko da suka kai wannan matsayi.

Hatta yaƙin da aka yi da ƙudan tsando a lardin Zazzau, wanda ya kai ga share bakin rafuka a yankin Anchau da kafa garin Takalafiya daga ƙarshen shekarun 1930, saboda ciwon barci na mutane aka yi shi. Doki ya ci moriya ne kawai a gefe.

Samaru

Samaru ta fara ne da gona. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a wurin, domin auduga da gyaɗa da sauran amfanin gona. A 1928 aka buɗe gonar kiwo ta Shika, gaba kaɗan a kan hanyar Funtuwa, domin inganta shanun gida. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba 1962, sai waɗannan wurare biyu suka shiga ƙarƙashinta. Ta Samaru ita ce Cibiyar Binciken Aikin Gona, ta Shika kuwa a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wadda daga baya ta fitar da kazar ƙwai da aka sani da ShikaBrown.

Tsangayar koyon aikin likitan dabbobi ta samu ne a tsakiyar shekarun 1960, da taimakon gwamnatin Amurka, ta hannun Jami'ar Jihar Kansas, wadda ta aiko da malamai ta kuma karɓi 'yan ƙasa domin ƙarin karatu. Masana daga ƙasar Holan su ma sun yi aiki a fannin kaska da tsutsotsi da cututtukan jini. Lokacin kuwa ya dace da babban kamfen na rigakafin bushiya da aka fara a 1962 a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Ƙasa na bukatar likitocin da za su bi garkuna, su duba mayanka, su tsare kan iyaka. Ba abin mamaki ba ne da saniya da tunkiya da akuya da kaza suka cika manhaja. Aikin kuma ya yi amfani: duk da cewa bushiya ta sake ɓarkewa a Nijeriya a 1983, a 2011 an bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Tsangayar ta yi tashe har ɗaya daga cikin malamanta, Farfesa Daniel Saror, ya shugabanci jami'ar daga 1991 zuwa 1995.

Ga mai karatun da ke son sanin yadda karatun yake, shekara shida ne ga wanda ya shiga daga sakandare. Ana farawa da kimiyyar share fage, sannan sanin ƙirar jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki, sannan cututtuka da ƙwayoyinsu da magunguna. A shekarun ƙarshe ɗalibi yakan koma asibitin koyarwa na dabbobi da ke cikin jami'ar, inda akwai ɓangaren manyan dabbobi da na ƙanana, ya koyi duba maras lafiya da tiyata da karɓar haihuwa, da kuma kare mutane daga cututtukan da ake ɗauka daga dabbobi. In ya gama sai ya yi rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya kafin ya fara aiki. Ban da wannan akwai sashen kimiyyar dabbobi a tsangayar aikin gona, wanda ya fi mai da hankali ga abinci da kiwo da inganta iri. Ta ƙofar asibitin nan ne doki da kare suka samu shiga.

Yadda Doki Ya Dawo

Doki bai ɓace ba, aiki ya sake. Abu biyu suka riƙe shi: hawa da wasa.

Hawan Salla tsohuwar al'ada ce, amma Turawa sun ga amfaninta suka mai da ita babban taro. An yi hawan daba a Kano a 1913, an sake yi a 1925 domin Yariman Ingila, an yi na Kaduna a 1956 domin Sarauniya Elizabeth, sannan na bikin al'adun baƙar fata a 1977, shi ma a Kaduna. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. A nan Zazzau, Hawan Salla da Hawan Bariki da Hawan Daushe su ne ke sa kowane hakimi da mai sarauta ya riƙe barga, ga kuma samari masu kilisa da hawan angwanci.

Wasan ƙwallon dawaki, wato folo, ya fara a Legas a 1904, amma a Arewa ya samu gida. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a cikinsa har a ƙasashen waje, Janar Hassan Usman Katsina ya ɗora. Zariya ma tana da nata filin. Da harkar ta bunƙasa sai masu hali suka shiga sayo dawaki daga Ajantina da kuɗi masu yawa, kuma a nan ne bukatar likita ta fito fili.

Dalili kuwa shi ne, akwai wata annobar dawaki ta Afirka wadda ƙyashi ke yaɗawa, ya fi cizo daga magariba zuwa asuba, ya fi kuma yawa da damina. Dokin gida da ya tashi a cikinta yakan jure, amma baƙon doki in ta kama shi, huhunsa kan cika da ruwa, kuma a cikin goma tara na iya mutuwa. Mai karatu zai tuna da wutar da mutumin barga ke hurawa da magariba. Bai san sunan ƙwayar cutar ba, amma ya san lokacin da abokin gaba ke fitowa. Likita ya zo da allurar rigakafi da gidan sauro, sai ya tarar an riga shi sanin rabin maganar.

Haka abin yake ga ciwon ciki, wanda ke cikin manyan masu kashe dawaki a ko'ina. Binciken jami'a ya nuna cewa tumbin doki ƙarami ne in aka kwatanta da girmansa, ba ya kuma iya amai, sannan a babban hanji ne ciyawa ke narkewa a hankali. An halicce shi ne ya yi ta kiwo kaɗan-kaɗan yini guda. In aka cika shi da hatsi lokaci ɗaya, ko aka sauya masa abinci farat ɗaya, ko ya haɗiyi leda da yashi, sai ciki ya kumbura ko hanji ya toshe ko ya murɗe. Tsohon ɗan barga ya san ƙa'idar, jami'a ta san dalilinta. Inda suka rabu shi ne a magani. In hanji ya murɗe, ɗuri ba ya warware shi, kuma ruwan da aka ɗura da ƙarfi yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Haka nan ciwon sarƙewar haƙora, wanda ke shiga ta raunin ƙusa ko gyambo, doki na cikin dabbobin da ya fi saurin kamawa, alhali allura tana hana shi.

Annoba kuma ba ta san iyakar ƙasa ba. A ƙarshen 2018 murar dawaki ta ɓulla a Jihar Sakkwato, ta fi yin ɓarna a kan jakuna, a 2019 kuma aka gan ta a Nijar da wasu ƙasashen yammacin Afirka. Gane irin wannan cuta aikin ɗakin bincike ne, ba na ido ba.

Kare Da Kyanwa

Matsayin kare a wurin Bahaushe a bayyane yake: ma'aikaci ne. Yana bin mafarauta daji, yana bin makiyayi, yana gadin gida, amma ba ya hawa tabarma. Kyanwa ita ce ke shiga ɗaki, domin tana tsare rumbu daga ɓera, ga shi kuma an san laƙabin Sahabi Abu Huraira daga gare ta ya samo asali. Addini bai hana tausaya wa ko ɗaya ba. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa da yunwa, duk sanannu ne a makarantunmu. A mazhabar Malikiyya ma, kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa.

Riƙon kare a matsayin abokin zama, da suna da kwanon abinci da katin asibiti, ya shigo ne ta Bariki da Sabon Gari, inda kabilu daban-daban suka haɗu, sannan ta gidajen malaman jami'a a Samaru. Daga baya tsoron ɓarayi ya sa masu gidaje da dama suka nemi manyan karnukan waje. Waɗannan su ne suka fara cika ɓangaren ƙananan dabbobi na asibiti.

Wani zai ce, a ƙasar da mutane ke neman magani, ina ruwan jami'a da lafiyar kare? Amsar ita ce ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga ta cizo, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Louis Pasteur na Faransa ya fara gwada rigakafinta a kan wani yaro a 1885, yaron ya rayu. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan yanke. Wato allurar da aka yi wa kare a Samaru ko Zabi, yaron maƙwabci aka yi wa. An ware ran 28 ga Satumba ta kowace shekara domin tunatar da duniya wannan. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar, ya garzaya asibiti, kada ya tsaya jiran alama.

Kammalawa

A wasu ƙasashe ilimin doki da na dabbobin gida ya zama digiri mai cin gashin kansa, dabam da aikin likita. Jami'ar Kentaki a Amurka da ta Hartpury a Ingila suna koyar da abincin doki da halayensa da horonsa da tafiyar da barga. A Samaru kuwa ana koyon doki da kare ne a cikin karatun likitan dabbobi, tare da sauran dabbobi. Tarihin da muka bi ya nuna mana dalili: yunwa da annoba da kuɗin shiga su suka tsara abin da za a fara koyarwa, kuma a wancan lokaci ba wanda zai ga laifin haka.

Amma yau akwai abin da ke neman kuɓucewa. Dattawan barga suna ta tafiya da abin da ke kansu. Matashi mai kilisa ya san sunan babur iri-iri, amma ba lalle ya bambance bidi da hurde ba. Ɗalibin jami'a kuma ya koyi ciwon da Turanci, in ya je bakin turke sai ya tarar mai dokin yana kiran sa da wani suna, ko ya tarar an yi kwana uku ana ɗuri kafin a kira shi. Tsakanin waɗannan biyu dawaki ke mutuwa, waɗanda da an haɗa kai da sun tashi.

Gyaran ba ya bukatar sabon gini. Yana bukatar ɗaliban Samaru su zauna gaban mutanen Shamaki da littafi a hannu, su rubuta sunayen launi da na ciwo da na magani, a gwada na gwadawa, a riƙe mai amfani, a bar mai cutarwa. Yana kuma bukatar abin da jami'a ta gano ya fito da Hausa, yadda mai yankan ciyawa zai ji ya gane. Yaran Zabi da Hanwa da Bomo da Basawa da suka tashi suna ganin hasumiyar jami'a daga ƙofar gida, su kuma iyayensu na kai su kallon hawa a Ƙofar Fada, su ne suka fi kowa dacewa da wannan aiki, domin kunnensu ya san harshen makarantun biyu.

Allah ya sa mu dace, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin dabbobin da ya damƙa a hannunmu.